Masu kaɗa faifai da taskar waƙoƙin Kaduna

A yawancin bukukuwan aure da ake yi a unguwannin arewacin Kaduna, daga Unguwar Rimi zuwa Kawo da Tudun Wada, akan ga wani matashi zaune a gefe da kwamfuta da manyan lasifikoki, kowa na kiransa DJ.

Aikinsa dai shi ne ya zaɓo waƙa, ya sake ta a lokacin da ya dace, ya kuma riƙa kiran dangin ango da na amarya idan za su fito fili.

Sai dai a birnin New York na Amurka, inda wannan laƙabi ya yi suna, an samu wani rukuni na masu sana'ar da ba su tsaya ga saka waƙar wani ba. Faifan garmahon kansa suka mayar abin kiɗa, suna sarrafa shi da yatsu, har ta kai wasunsu sun fitar da kundin waƙoƙi cikakke wanda babu sabon kiɗa ko ɗaya a cikinsa, duk tsakure ne daga tsofaffin faya-fayai.

Wannan fasaha ba ta yi ƙarfi a Kaduna ba. Amma abin da take rayuwa a kansa, wato tsohon sautin da aka naɗa, birnin na cikin wuraren da suka fi tara shi a ƙasar Hausa, kuma tambayar wanda ya mallake shi da wanda zai adana shi na ƙara matsowa.

Yadda abin ya faro

Ranar 11 ga watan Agustan 1973, wani matashi ɗan asalin Jamaika mai suna Clive Campbell, wanda aka fi sani da Kool Herc, ya saka kiɗa a wata liyafa da ƙanwarsa ta shirya a gida mai lamba 1520 da ke titin Sedgwick a unguwar Bronx. Masu rubuta tarihin kiɗan hip-hop, wanda wasu ke kira gambarar zamani, na ɗaukar wannan dare a matsayin mafarinsa.

Kool Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura idan aka zo wata 'yar gajeriyar gaɓa a tsakiyar waƙa, inda mawaƙi da sauran kayan kiɗa kan yi shiru su bar ganga ita kaɗai. Gaɓar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Don haka sai ya sayi faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora kowanne a kan nasa garmahon, idan gaɓar ta ƙare a na farko ya tashe ta a na biyu, yana mayar da allurar na farkon baya.

Wani matashin, Joseph Saddler, wanda ya yi suna da Grandmaster Flash, ya karanci gyaran kayan lantarki, shi ne kuma ya daidaita dabarar. Yakan yi wa faifai alama, ya saurari na biyu a kunne kafin jama'a su ji, ya juya shi baya da hannu daidai adadin zagayen da ake bukata, ta yadda kiɗan ba zai yi tuntuɓe ba.

Kartar faifai kuwa, wato sautin nan mai kama da kukan tsuntsu da ake ji a waƙoƙin hip-hop, ana jingina ta ga Grand Wizzard Theodore a wajajen 1975. Kamar yadda ya sha bayar da labari, yana yaro ne mahaifiyarsa ta shigo tana yi masa faɗan ƙarar kiɗa, sai ya dafe faifan da hannu domin ya saurare ta, yana ɗan motsa shi gaba da baya, ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba.

Hannu biyu, faifai biyu

Duk wanda ya taɓa riƙe faifan garmaho ya san cewa a fuskarsa akwai wani siririn kwari da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. A cikin kwarin nan sautin yake. Idan faifan na juyawa, allura na bin lanƙwasar kwarin tana karkarwa, na'ura kuma na mayar da karkarwar ta zama sauti.

An tsara kowane faifai ne ya yi wani adadi na zagaye a minti guda: tsofaffin na farko 78, ƙanana 45, manya kuma 33 da sulusi. Idan aka ƙara gudu murya sai ta sirance ta yi sama, idan aka rage sai ta yi kauri ta yi ƙasa, idan aka juya baya sai maganar ta fito a birkice.

A nan ne mai kaɗa faifai ya samu ƙofa. Yakan shimfiɗa wani ƙyalle mai santsi tsakanin faifan da farantin da ke juya shi, domin ya iya tsayar da faifan ko ya ja shi baya alhali farantin na ci gaba da juyawa a ƙasa. Hannu ɗaya na kan faifai. Ɗayan kuma na kan wani ɗan maɓalli mai zamewa hagu da dama a jikin na'urar haɗa sauti, wanda ke buɗe sautin ko ya yanke shi.

Wanda ya san kalangu ba zai sha wahalar gane wannan ba. Makaɗin kalangu na bugu da hannu ɗaya, yana matse tsarkiya a hammata ko ya sassauta, da haka yake hawa da sauka har gangar ta yi magana. Shi ma mai kaɗa faifai gudun hannunsa ne ke hawa da sauka da sautin, maɓallin kuma shi ke yanka sautin gaɓa-gaɓa. Gwani kan ɗauki kalma ɗaya tak daga wani faifai ya fitar da kari iri-iri daga cikinta, kamar yadda makaɗi ke fitar da take daga fata ɗaya.

Ba kowane garmaho ne ke jure wannan wahala ba. Wanda ya zama abin yayi shi ne Technics SL-1200 na ƙasar Japan, wanda ya fito a 1972, aka kuma inganta shi a 1979. Injinsa na juya farantin kai tsaye ba tare da bel ba, saboda haka da zarar an ɗaga hannu faifan ke komawa gudunsa. An daina ƙera shi a 2010, aka dawo da shi a 2016 bayan masu sana'ar sun yi ta kiraye-kiraye.

Daga dandali zuwa kundi

A 1981 Grandmaster Flash ya fitar da wani faifai na kimanin minti bakwai mai suna The Adventures of Grandmaster Flash on the Wheels of Steel, wanda ya harhaɗa da garmaho uku daga waƙoƙin ƙungiyoyi irin su Chic da Blondie da Queen. A 1983 kuma fitaccen makaɗin jaz Herbie Hancock ya gayyaci wani DJ mai suna Grand Mixer D.ST cikin waƙarsa Rockit, wadda ta samu lambar yabo ta Grammy, ta kuma kai sautin karta gidajen da ba su taɓa jin labarin Bronx ba.

Gasar duniya ta DMC ta fara a Birtaniya a 1985, kuma tun daga 1986, lokacin da DJ Cheese na Amurka ya yi nasara da karta, ta zama fagen gwada ƙwanji na masu wannan fasaha. A 1995 DJ Babu ya raɗa wa irinsu suna na daban a Turance, turntablist, domin a bambanta mai kaɗa faifai da mai saka faifai kawai.

A ɗaya gefen kuma an samu na'urorin da ke iya naɗe ɗan tsakuren sauti su ajiye, a riƙa maimaita shi ta hanyar danna maɓalli. E-mu SP-1200 ta 1987 daƙiƙa goma kacal take iya riƙewa. Akai MPC60 ta biyo baya a 1988.

Da irin wannan ta biyun ne wani matashi daga jihar Kalifoniya, Josh Davis, wanda aka fi sani da DJ Shadow, ya haɗa kundin Endtroducing da ya fito a 1996. Ya shafe tsawon lokaci yana tonon tarin faya-fayan da aka jibge a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani shago a birnin Sacramento, yana tsakuro ganga daga nan, molo daga can, muryar wani mai magana daga wani wuri. A 2001 littafin bajinta na Guinness ya sanya kundin a matsayin na farko da aka gina kacokan daga tsakure.

Wasu sun biyo baya. DJ Qbert na San Francisco ya fitar da Wave Twisters a 1998, kundin da kusan duk karta ce. Ƙungiyar The Avalanches ta ƙasar Ostireliya ta fitar da Since I Left You a 2000, wanda aka ce ya ƙunshi dubban tsakure. J Dilla na birnin Detroit ya fitar da Donuts mai gutattakin kiɗa 31 ranar 7 ga Fabrairun 2006, ya rasu kwana uku bayan haka yana da shekara 32.

Gaskiya dai ba duka irin waɗannan kundaye ne ke da daɗin saurare ba. Da yawa nuna gwaninta ne kawai, wanda ke burge abokan sana'a amma ya gajiyar da sauran jama'a kafin a kai rabi. Waɗanda suka daɗe ana saurare su ne na masu kunnen zaɓe, waɗanda suka san abin da ya cancanci a ɗauko daga cikin faifan da kowa ya manta da shi.

Aro ne ko sata?

Gina sabon aiki a kan na magabata ba baƙon abu ba ne ga mai karatun Hausa. A tahmisi, mawaƙi kan ɗauki baiti mai ƙwar biyu na wani, ya ɗora ɗango uku nasa a gabansa, baitin ya koma ƙwar biyar. Ishiriniyar da ake karantawa a ƙasar Hausa ta Alfazazi ce, malamin Andalus da ya rasu a 1230, amma tare da tahmisin Ibn Mahib ake rera ta. Waƙar Tabban Haƙiƙa kuwa ta ratsa hannu uku: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahmisi.

Malaman balaga na Larabci ma sun daɗe da ware babi na musamman a kan satar waƙa, suna rarrabe aron da ke ƙara wa asali daraja da kwasar da ake ɓoyewa.

To amma akwai bambanci biyu. Mai tahmisi ba ya ɓoye sunan mai asali, hasali ma da shi yake neman albarka. Su kuwa DJ-DJ na farko a Bronx har jiƙa faifai suke yi a ruwa su ɓare takardar da ke ɗauke da sunan mawaƙin, don kada abokan hamayya su gano inda suka samo kiɗan. Na biyu, mai tahmisi kalmomi yake ɗauka ya rera da bakinsa, mai tsakure kuwa ainihin muryar mutum da bugun hannunsa yake ɗaukowa.

Wannan ne ya kai maganar gaban kotu. A 1991 wani alƙali a New York, Kevin Duffy, ya yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie saboda ya tsakuro daga wata waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, ya kuma buɗe hukuncin da dokar nan ta Attaura da ta hana sata. An janye kundin daga kasuwa. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce ko tsakuren daƙiƙa biyu ne sai an nemi lasisi.

Tun daga lokacin kuɗin neman izini ya sa irin kundayen da ake cusa wa ɗaruruwan tsakure suka yi wuyar fitarwa. Kundin farko na ƙungiyar De La Soul, wanda ya fito a 1989, bai samu shiga manhajojin sauraren waƙa na intanet ba sai a watan Maris na 2023, kuma batun izinin tsakure na cikin manyan dalilan jinkirin.

Sai dai dokar ba ta cika kaiwa ga wanda ya yi ainihin bugun ba. A 1969 wata ƙungiya mai suna The Winstons ta fitar da wani kiɗa da ke ɗauke da gaɓar ganga ta kimanin daƙiƙa shida. An yi amfani da wannan gaɓa a dubban waƙoƙi. Mai gangar, Gregory Coleman, ya rasu a 2006 ba shi da matsuguni, kuma bai samu ko kwabo daga cikinta ba.

Afirka ma ba ta tsira ba. Manu Dibango na Kamaru ya kai ƙarar Michael Jackson a kan wani amshi da aka ɗauka daga waƙarsa Soul Makossa ta 1972, aka sasanta a wajen kotu, sannan ya sake shigar da ƙara a 2009 bayan amshin ya ɓulla a wata waƙar Rihanna. Kiɗan Fela Kuti kuma ya shiga waƙoƙin Mos Def da Missy Elliott da Nas.

Abin da ya sa ba ta kafu a Arewa ba

Amsar farko ita ce kaset. A daidai lokacin da matasan Bronx ke koyon kaɗa faifai, a shekarun 1970 da 1980, a arewacin Najeriya garmaho ne ke ja da baya. Kaset ya fi araha, yana aiki da batir, ana kuma iya kwafarsa a kowace rumfar kasuwa. Amma zarensa a rufe yake cikin akwati, ba a iya dafa shi da yatsa a ja gaba da baya.

Matsin tattalin arziki da satar fasaha sun sa manyan kamfanonin faifai na Turai irin su EMI da Decca da PolyGram suka tattara nasu ya nasu daga Najeriya zuwa farkon shekarun 1990. Da buga sabon faifai ya tsaya, garmaho ya koma kayan tarihi a saman kabad.

Da masana'antar finafinan Hausa ta bunƙasa a Kano a ƙarshen shekarun 1990, abin kiɗan da ya mamaye ɗakunan naɗar waƙa shi ne fiyano na Yamaha, mai ɗauke da sautuka da aka riga aka ajiye a cikinsa. Aro ya ci gaba, musamman na karin waƙoƙin Indiya, amma sake kaɗawa ake yi da sake rerawa, ba a yanko sautin asali.

A Legas ne aka samu wanda ya riƙe garmaho har ya yi suna da shi, wato DJ Jimmy Jatt, wanda ya fitar da kundin The Definition a 2007 tare da mawaƙa da dama.

Ita kuwa Kaduna, rikicin watan Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun sauya yadda mutane ke zama a cikinta, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudanci. Harkar gidajen rawa na dare, inda DJ kan samu filin gwada hannu, ta fi karkata zuwa unguwanni irin su Barnawa a kudu. A arewa, biki ne babbar kasuwar DJ, kuma a biki waƙar da amarya ta zaɓa ake son ji, ba gwanintar mai saka ta ba.

Duk da haka Kaduna ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin hip-hop na Hausa. Fitaccen misali shi ne Haruna Abdullahi, wanda aka fi sani da DJ AB, na ƙungiyar Yaran North Side. Ko da yake yana ɗauke da laƙabin, an san shi ne a matsayin mawaƙi kuma mai haɗa kiɗa, kuma kamar yawancin tsararrakinsa a kwamfuta aikin ke gudana.

Kwamfutar ce ma ta sauya lissafin. Tun daga farkon shekarun 2000, na'urar CDJ-1000 ta kamfanin Pioneer da manhajar Serato suka ba da damar karta ba tare da faifan asali ba. Manhajoji irin su FL Studio kuma na yanka tsakure cikin daƙiƙoƙi. Daga 2019 an samu wasu da ke iya raba muryar mawaƙi da kiɗan da ke bayansa, ko da a makirfo ɗaya aka naɗe su. Shingen da kaset ya gitta ya kau, abin da ya rage shi ne a samu tsohon sautin.

Taskar da ke titin Yakubu Gowon

A watan Maris na 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Birtaniya. Sashen rediyon ya koma ƙarƙashin Hukumar Gidajen Rediyon Tarayya a 1978.

Shekara da shekaru makaɗa da mawaƙan Hausa na zuwa wannan gida ana naɗar waƙoƙinsu, kuma ta tasharsa ce jama'a daga Sakkwato har Maiduguri, da ma ƙetaren iyaka a Maraɗi da Damagaram, suka saba da kalangun Mamman Shata, da kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da gurmin Haruna Uji, da ƙwaryar Barmani Choge. A birnin ne kuma Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya jagoranci ƙungiyarsa ta Pirameeds mai kayan busa da jita, tana rera waƙa da Hausa.

Ga mai neman tsakure, wannan kiɗa na da abin da ake so. Kalangu na tafiya ne a kan zagayen da ke maimaituwa, 'yan amshi na dawowa da jimla ɗaya, kuntigi kuma na da wani amo mai kaifi da fiyano ba ta iya kwaikwayo. Wahalarsa ita ce makaɗan gargajiya ba sa bin agogo, sukan ƙara gudu idan waƙa ta yi zafi, don haka sai an yi aikin daidaitawa.

Masu tonon faifai daga Turai da Amurka sun riga sun ratsa Afirka ta Yamma. Kamfanin Strut ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, Luaka Bop ya sake buga waƙoƙin William Onyeabor a 2013, BBE na Birtaniya kuma ya fara sake fitar da faya-fayan kamfanin Tabansi a 2019, kamfanin da ya faro a Kano a shekarun 1950 kafin ya koma Onitsha. A 2010 Madlib na Amurka ya fitar da kundi guda da ya gina daga faya-fayan Afirka.

Yawancin wannan tono ya fi shafar kiɗan kudu, amma ya fara taɓo ƙasar Hausa. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake buga kaset ɗin 1978 na Mamman Sani, makaɗin fiyano daga Nijar, ya kuma fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So.

Hakkin wa?

Dokar kare hakkin mallakar fasaha ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta bambanta abu biyu. Waƙar kanta, wato kalmomi da kari, na da kariya har shekara 70 bayan shekarar da mai ita ya rasu. Sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne daga lokacin da aka fara fitar da shi.

Ke nan waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, na cikin kariya har ƙarshen 2069, na Ɗan Maraya da ya rasu a 2015 kuma har 2085. Amma faifan da ya fito a 1975, wa'adin naɗinsa ƙarshen 2025 ne. Matashin da ke son tsakuro amshi ɗaya na iya bukatar izinin magada, da kuma na wanda ya ɗauki nauyin naɗar, ko gidan rediyo ne ko kamfani, idan wa'adin bai cika ba. Kamfanonin da yawa sun rufe ko sun sauya hannu.

Ta fuskar Shari'a ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a taronta na Kuwait a watan Disamban 1988 cewa hakkin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne, bai halatta a keta shi ba.

Wanda ya fi shiga haɗarin a manta da shi shi ne makaɗi. A al'adar kiɗan Hausa sunan mawaƙi ne ke kan faifai, ba kasafai ake rubuta na mai kalangu ko na 'yan amshi ba, alhali bugunsu ne mai tsakure zai fi nema. Labarin Gregory Coleman na iya maimaituwa a Funtuwa ko Haɗeja ba tare da kowa ya ji ba.

Akwai kuma batun mutunci, wanda kuɗi ba ya biya. Waƙar fada an yi ta ne ga wani sarki, a wani yanayi, kuma yanko ɗango ɗaya a ɗora shi a kan kiɗan rawa na iya juya yabo ya zama zambo. Hausa harshe ne mai karin sauti, jan kalma gaba da baya na iya sauya hawa da saukarta har ta koma wata. Abin ya fi tsanani idan ya shafi addini. A 1981 Brian Eno da David Byrne sun sanya karatun Alƙur'ani a kan kiɗa a kundinsu My Life in the Bush of Ghosts, kuma sai da suka cire wannan yanki daga bugun baya bayan wata ƙungiyar Musulmi a Birtaniya ta nuna rashin amincewa.

Duk wannan muhawara tana da amfani ne idan sautin na nan. Gidajen rediyo na wancan zamani sun fi naɗa a kan tef mai manyan ƙawanya biyu, wanda zafi da laima da ƙura ke cinyewa sannu a hankali. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa na'urorin da ke karanta irin wannan tef da kayan gyaransu na ƙarewa, suka kuma ambaci 2025 a matsayin lokacin da kwafe su zai fara yin wuya ƙwarai.

Ƙasar Gini ta riga ta yi irin wannan aiki. Tsakanin 2008 da 2013, wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, da tallafin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, ya kwafe tef-tef na gidan rediyon ƙasar da ke Konakiri zuwa kwamfuta. Fiye da waƙoƙi 9,000 aka ceto.